Da Goran Baba Zuwa Tafkin Bado

Tashi daga gida

Kafin a kira assalatu na riga na ɗaure wa Duna kaya. Duna jakina ne, baƙi wuluk, kuma a taurin kai babu wanda ya bar wa wani tsakanina da shi. Guzurina bai taka kara ya karya ba: dawo a ƙwarya, buta, da tabarma. Abin da ya cika jakin shi ne goran Baba, wani ƙaton gora da hannuwana biyu ba sa zagaye shi, hayaƙin zaure ya mai da shi baƙi, ga homa biyu, wato ragar kamun kifi ta hannu, a ɗaure a jikinsa.

Ku da kuke gida kun san dalilin tafiyar, amma bari in faɗa saboda mai ji daga baya. Asalinmu Barebari ne. Kakanmu ya taso daga gabas ya zauna a Tafkin Bado, gaba da Zakirai. Baba ya baro can yana saurayi, ya zo ƙasar Kunci ya kama noma, a nan aka haife ni, ni Bukar, wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. A can kuwa kowane gida yana da mashiginsa a bakin tafki, inda mazan gidan ke shiga ruwa ranar su, wato ranar kamun kifin gayya na shekara-shekara, kuma lambun da ke bisa mashigin na gidan ne. In su uku ya wuce ba a ga namijin gidan ya shiga da goran gidan ya fito da kifi da hannunsa ba, mashigi da lambu sun koma hannun Sarkin Ruwa, ya ba wanda ya ga dama.

Baffana shi ke shiga mana, Allah ya yi masa rasuwa, aka aiko wa Baba da goran cikin kayan gado. Su biyu ya wuce, Baba bai ce wa kowa uffan ba, idanunsa sun riga sun tafi. Sai da wani mai kanwa ya kawo saƙon Gwaggo Falmata, ƙanwar Baba, wadda mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, kuma da lambun nan take ci. Ta ce a gaya wa yayanta na bana shi ne na uku.

Baba ya fito zaure yana laluben bango. Ya ɗora hannu a kan goran, wannan hannun nasa na dama mai tabo a tsakiyar tafi, da muka taso aka ce mana yankan lauje ne.

"Bukar, ka iya ruwa?"

Na ce, "Na iya sha, Baba."

Bai yi dariya ba. Inna ce ta leƙo ta ce, "Ɗan tudu da gora! In ka nutse wa zai yi mana huɗa bana?"

Na ce, "Inna, ko a ciki ko a bisa, sai an ga namijin gidan nan a tafkin." Baba ya sa mini albarka, na kora Duna muka nufi gabas.

Dambatta

Bazara ce, zafi kamar ya tsaga ƙasa. Hanyar kuwa babu daji ko kaɗan, gona na bin gona, gida na hango gida, ko'ina mutane na sharar gona suna kai taki a mangala. Da hantsi na sauka yashin wani kogi da ya ƙafe, mata sun tona suna kwarfar ruwa. Na dubi ɗan ruwan da ke ƙasan ramin, na ce a raina wannan dai na fi ƙarfinsa.

A gindin wata tsamiya na tsaya shan fura wajen wata Bafulatana mai nono. Tana ganin zanen fuskata ta san ta sami abokin wasa.

"Kai Babarbare, ina za ka da rumbu a kan jaki?"

Na ce, "Tafki zan je in kamo miki kifi, ko kya san abin da ake kira miya."

Ta ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Sha furarka, ƙila ita ce ta ƙarshe da za ka sha ba da laka ba." Ta ƙara mini ludayi guda kyauta.

Bayan la'asar na iso ƙofar Dambatta. Mai tsaron ƙofa ya zagaya jakin, ya ƙwanƙwasa goran, ya kara kunne.

"Me ke ciki?"

"Iska, ranka ya daɗe."

Ya zura hannu har kafaɗa, ya fito da saƙar gizo-gizo. Ya ce shi tun da yake bai taɓa karɓar kuɗin ƙofa a kan iska ba, in wuce. Na kwana gidan wani fatoma mai saukar baƙi, tuwon dawa da miyar kuka wuri ashirin, karan dawa na Duna kyauta. Goran na sa shi jikin bango na kwanta a gabansa.

Kunya

Da asuba muka tashi, muka yi kudu maso gabas. A nan ne abin ya same ni, kuma ba wanda ya jawo sai gaggawata. Na iso ƙofar Kunya rana ta karkata, na tarar da ayarin takarkarai na fitowa da kaya. Mai hankali sai ya ja gefe ya jira. Ni kuwa na ce Duna zai wuce ta gefe. Duna ya ƙi, na zabga masa sanda, ya zabura, sai na ji ƙas! Goran ya bugi ginshiƙin ƙofa.

Innalillahi. Tsagar ta kai tsawon hannu, daga kusa da baki zuwa ciki. Wallahi da kaina ne ya fashe da ya fi mini sauƙi. Na tsuguna a wurin ina kallonta, mutane na ta yi mini sannu kamar an yi mini mutuwa. Wani ya ce in sayi sabo a kasuwa, gora ai gora ne. Na ce masa ba a shiga da baƙon gora, ya bar ni da abin da ya dame ni.

Aka nuna mini gidan wani gyartai, tsoho mai ɗinkin ƙorai, a bayan marina. Ya juya goran, ya ce sai gobe, don ba ya ɗinki sai da hasken rana. Na so in yi gardama, ya ce, "Gaggawa ce ta kawo ka nan, kada ta mai da ka inda ka fito." Na haƙura na kwana a garin.

Da gari ya waye ya huda, ya ɗinke da zaren kaba, ya narka kakin zuma da ƙaro ya lilliƙe ciki da waje. Bai gama ba sai azahar.

Na ce, "Baba, zai riƙe ruwa?"

Ya ce, "Ɗinkina yana riƙe hatsi, yana riƙe fura. Ƙato irinka a bisa, tafki a ƙasa, wannan ban ɗaukar maka alkawari ba."

Na biya shi, na naɗe goran da tabarmata, na fita ta ƙofar gabas ina jan Duna a hankali kamar mai rakiyar amarya.

Zakirai

Ban shiga Zakirai ba sai dab da rufe ƙofa. A masallaci bayan magariba na tambayi labarin su, wani mai sayar da albasa ya ce jibi ne, an yi shela a kasuwa. Na so a ce ina da kwanaki in ɗan koyi ruwa, ga shi ɗinki ya cinye mini yini. Mai albasar ya sauke ni a zaurensa, ya kawo dambu, ya ƙi karɓar ko wuri da ya ji jikan wane ne ni. Ya ce albasar da yake sayarwa ma rabi daga lambun Falmata take fitowa.

Da sassafe na kama hanyar da ya kwatanta. Kafin hantsi ƙasa ta fara sauya. Jan yashi ya koma baƙar laka mai tsattsagewa, kuka da ɗorawa suka ja baya, giginya da goruba suka karɓi hanya. Sai wata iska mai sanyi ta bugo ni da ƙanshin danshi, a tsakiyar bazara! Duna ya ɗaga kunne ya ƙara sauri ba tare da sanda ba.

Tafkin Bado

Gani ya kori ji. Na hau wani ɗan tudu, sai ga ruwa shimfiɗe, ba na iya gane mutumin da ke tsallake. Bado ya rufe gefensa da faffaɗan ganye da farin fure. Tsuntsayen ruwa, ɗinya da kirinjijiya, sun yi baƙi a tsakiya, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya. Lambuna sun zagaye tafkin kore shar, albasa, gauta, takanɗa, kowanne da jigonsa yana ƙara ana ɗiban ruwa. Garin yana bisa tudun yamma, bai fi gida talatin ba. Na tsaya ina kallo, kyan wurin ya cika mini ido, tsoronsa ya cika mini ciki.

Gwaggo na cikin lambu da kwashe a hannu. Ba ta taɓa ganina ba, amma tana hango goran ta saki kwashen. Goran ta fara runguma kafin ni. Ta yi kuka, ta share, sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kafaɗun yayana ne. Ka iya ruwa?"

Wannan karon ban yi wasa ba. Na ce, "A'a, Gwaggo."

Ta ce, "To, Allah ya iya."

Ta zaga da ni. Ta nuna mini giginyar da kakanmu ya shuka, ita ce alamar mashiginmu. Ta nuna mini kufan tsohon gari inda ruwa ya taɓa korar mutane suka hau tudu, da rijiyar da Barebari suka haƙa, da kanyar da kakanmu da Baffa ke kwance a gindinta. Na yi musu addu'a. Garin duk a tsaye yake: maza na gyaran homa, mata na kafa ragayar banda, baƙi na ta sauka daga ƙauyuka. Kifi na tsalle a gaban yara, babu mai ko kallonsa, don tun ruwan fari na bara tafkin a ɗaure yake, sai Sarkin Ruwa ya kwance.

Muka je gaishe shi, wani dogon tsoho mai farin gemu. Ya shafa goran, ya ce ya san shi tun yana yaro. Ya ga sabon ɗinkin, ya ce ɗinki ba ya fitar da gora daga gidansa. A gefensa akwai wani kakkauran mutum, Tanko, mai mashigin da ke maƙwabtaka da namu. Ya gaishe ni da mutunci, kuma bai yi mini rufa-rufa ba.

"Malam Bukar, ina da 'ya'ya da yawa, lambuna kaɗan ne. In gobe ka kasa, ni na roƙi naku. Gara ka ji daga bakina."

Na ce, "Na ji, kuma na gode. Sai dai ba za ka samu ba."

Na roƙi Sarkin Ruwa ya bar ni in gwada goran a gefe da yamman nan. Ya ce gora ba ya taɓa ruwa kafin a kwance tafki, ko na ɗansa ne. Saboda haka a tsakar gidan Gwaggo na koyi iyo, a kan busasshiyar ƙasa. Ta kifa ni a kan goran, ta ce cikina shi ne murfin bakinsa, in na ɗaga da yawa ruwa ya shiga. Homa ɗaya a kowane hannu, ƙafafu na harbi kamar na kwaɗo. Matan maƙwabta suka jeru a kan danga suna dariya har da riƙe ciki. Wata ta ce, "Falmata, ai ba a fafe gora ranar tafiya!" Gwaggo ta ce, "Nawa yau za a fafe shi. Harba, Bukar!" Na yi ta harbin ƙura har magariba.

Ranar su

Da hantsi kowane gida ya tsaya a mashiginsa. Na wasu mutum goma, na wasu biyar. A gindin giginyarmu ni kaɗai ne, sai Gwaggo a bayana. Liman ya yi addu'a, Sarkin Ruwa ya shiga har ƙugu ya ɗebi ruwa ya watsa gabas, aka buga ganga. An gaya mini in an sake buga ta da azahar, su ya tashi.

Tafkin ya ɗauki ihu, tsuntsaye suka tashi sama gaba ɗaya. Na yi bisimilla na faɗa. Ashe gora a ruwa ba gora a tsakar gida ba ne. Ya juya da ni, na sha ruwa, na laluba na kama shi, ya sake juyawa. A karo na uku na manne masa da ciki kamar kaska. A gefe an dama laka, kifi duk ya gudu tsakiya, dole na bi mutane inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Na leƙa ƙasa sau ɗaya, ban ƙara ba.

Kowa na jefa kifi a gora, tarwaɗa, karfasa, wani ma ragon ruwa da sai da aka taya shi. Ni in na haɗa homa na ɗago, sai ganyen bado da laka. Homa ɗaya ta suɓuce ta tafi abinta. Rana ta taso tsaka. Sai na ji goran ya yi nauyi, yana ƙara nutsewa a ƙarƙashina, na san ɗinkin ya fara shan ruwa. Na hango giginya, na hango Gwaggo a tsaye ta ɗora hannu biyu a ka. Na ce wa kaina, Bukar, in ka fita hannu banza, da wane baki za ka yi wa Baba sallama?

Na tura homar da ta rage cikin wata kainuwa, na ɗago, sai ga wani abu yana motsi yana gurnani. Ƙurungu ne, ɗan kifin nan mai ƙaya a baya da gefe, ko tsawon tafin hannu bai cika ba. Ragar ta yage a gefe, yana neman zamewa. In sa shi a gora sai na ɗaga ciki, in na ɗaga ciki mun nutse ni da goran. Sai kawai na damƙe shi da hannun dama.

Wayyo Allah! Ƙayar ta shige tafin hannuna, zafin ya harba har ƙeya. Tanko yana kusa, ya ga jini a ruwa, ya daka mini tsawa.

"Sake shi! Ba a damƙar ƙurungu, ɗan tudu, sake shi!"

Na ce, "Sai dai ka yanke hannun."

Goran ya nutse da ni har kaina kawai ke waje. Tanko ya yi wata ashar da ba zan maimaita ba, ya saki homarsa da kifi a ciki, ya zo ya dafa goran nawa ta baya yana turawa da ƙirji.

Na ce, "Kai da kake son lambun?"

Ya ce, "Lambun nake so, ba gawarka ba. Harba ƙafa!"

Na harba yadda Gwaggo ta koya mini. Ƙafata na taɓa laka na miƙe, na jawo goran da hagu, na nufi inda Sarkin Ruwa ke zaune da ƙwaryarsa. Mai ganga ya riga ya ɗaga makaɗi. Na miƙa hannu, yatsun suka ƙi buɗewa. Sarkin Ruwa da kansa ya ɓanɓare su, ya karya ƙayar, ya zare, ya ɗaga ɗan kifin sama da yatsa biyu. Mutane suka fashe da dariya. Wani ya ce ai turo ni aka yi. Sarkin Ruwa ya ce, "Tura gora daban, ba da kifi daban. Jama'a, wannan kifi ne ko ba kifi ba ne?"

Suka ce, "Kifi ne!" Muryar Tanko ta fi ta kowa.

Ya jefa shi a ƙwarya, aka buga ganga. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na zauna a laka na yi ta aman ruwan tafki.

Da yamma aka raba kifi, har gidan da ba shi da mai shiga ruwa sai da ya samu. Gwaggo ta gasa mini hannun da ruwan zafi ta ɗaure. Ta aika wa Tanko da kwandon albasa, ta kuma ce masa kwarin lambun da ƙarfinta ba ya kaiwa ya zo su noma tare su raba.

Komawa gida

Na ƙara kwana biyu kumburin hannun ya saɓe. Goran na rataye shi a ɗakin Gwaggo, don zauren Kunci ba wurin zamansa ba ne, kuma na gaya wa Sarkin Ruwa baɗi in da rai zai gan ni tun da wuri. Na biyo hanyar da na zo da bandar kifi da albasa. A Kunya na tsaya na gaya wa gyartai ɗinkinsa ya kai ni ya kusa dawo da ni. A ƙofar kuwa na ja gefe na jira har kaza ta wuce.

Na iso gida bayan la'asar, hadarin farko na haɗuwa a gabas. Baba na zaune a zaure.

"Ina goran?"

"Na bar shi a gidansa, Baba. Mashigi na nan, lambu na nan, Gwaggo na gaishe ka."

Ya miƙo hannu yana laluba. Na durƙusa na ba shi hannu, ya ji tsumma. Ya warware shi a hankali, ya bi tsakiyar tafin da yatsa, ya tsaya a kan ciwon.

"Ƙurungu?"

"Ƙurungu, Baba."

Sai ya buɗe nasa hannun na dama, ya kifa tabonsa a kan nawa. Inna da ke tsaye da ƙwaryar ruwa ta ce, "Malam, ba ce mana ka yi lauje ne ba?"

Ya ce, "Wa zai gaya wa mutanen tudu ɗan kifi ne ya yi masa haka?" Yana dariya, hawaye na bin zanen fuskarsa. Bai saki hannuna ba ya ce, "Giginyar fa?"

Na ce, "Tana nan tsaye, Baba. A gindinta na shiga."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Allah ya saka wa mai albasar Zakirai da gyartan Kunya da alheri, ya yalwata wa Tanko lambunsa, ya jiƙan waɗanda ke kwance a gindin kanya.